Fenti a Kan Allin Yaya

Asabar, 6 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yau aka sallamo Yaya daga asibiti, bayan kwana goma sha ɗaya yana jinyar shanyewar ɓarin jiki. Alhamdulillahi. Mun shigar da shi ɗakinsa, ni ta dama, matarsa ta hagu, kuma ya fi yadda na zata nauyi, abin da na ɗauka alama ce mai kyau. Ya ci abinci da hannun hagu, ya zubar da rabi, ya yi wa kansa dariya da gefen bakin da ke motsi. Magana dai har yanzu kalma ɗaya ce, "To." Da ita yake gaisuwa, da ita yake neman ruwa, da ita ya sallami likita.

Matar Yaya ta ce, "Shekara talatin ina roƙon Allah ya sa mutumin nan ya riƙa ce min to. Ga shi an amsa, har da ƙari." Muka yi dariya, sannan ta shiga kicin ta daɗe ba ta fito ba.

Wannan littafin na haɗin fenti ne, na juya shi ta baya. Na saba in mun tashi daga aiki in zuba wa Yaya surutu tun daga gada har gida, shi kuwa yana gyaɗa kai. Yanzu ni kaɗai nake tahowa, surutun ya rasa wurin zuwa.

Lahadi, 7 ga wata, ƙarfe tara na safe

Ba ranar aiki ba ce, amma na je na ga gada. Gaɓa biyar ce, kowace gaɓa daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, ƙarfe zalla, sanduna a giciye an haɗe su da ƙusoshi masu kai biyu da aka dasa da zafi tun kafin a haifi kakanmu. Har yau jirgin ƙasa shida ke bi ta kanta kullum, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Yaya ne mai ƙwanƙwasa ƙusoshin, shekara talatin da ɗaya. Ni ne shugaban masu fenti, shekara ashirin da biyu, kuma in ba don ni ba da tuni tsatsa ta cinye masa abin ƙwanƙwasar.

Gaɓa ta uku sai ƙyalli take. Mun kankare ta ranar da Yaya ya kwanta, mutanena suka ƙarasa ina asibiti, jan fenti a ƙasa, ruwan toka hawa biyu a sama. Ba yabon kai ba, ba mu taɓa yin aiki mai kyau haka ba. Ko tattabaru ba su ɓata ta ba tukuna, ko da yake na ga biyu a can sama suna shawara.

Litinin, 8 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Bari in rubuta shi yadda yake.

Tsarinmu da Yaya ba a takarda yake ba. Shi zai fara bin gaɓa da gudumarsa. Duk ƙusar da ta saki sai ya zagaye ta da alli, in ya gama ya kwafe wuraren a littafin duba, sannan ya ɗaura farin ƙyalle a ƙarfen riƙo na bakin gaɓar. In na ga ƙyalle, na san allin ya gama aikinsa, sai mu shiga da buroshin waya mu kankare komai mu shafa fenti.

Yau Rediyo ya dawo daga hutu. Shi ne mai gadin gada, kuma ba a banza ya sami sunan ba. Ya yi min ya mai jiki, ya ba ni labarin ƙauyensu kaf, sai can ya ce, "Af, an gyara wurin nan kuwa?"

Na ce, "Wane wuri?"

"Wanda babban naku ya ce. Ran da ya sauko daga ta uku, yana dafe da kai, ya ce min akwai wani wuri da bai so ba ko kaɗan, gobe zai kai Injiniya ta gani da idonta."

Na shiga rumfar kayan aiki na buɗe littafin duba. Shafin gaɓa ta uku fari fat, ko kwanan wata babu. Kwana goma sha uku jirage suna wucewa da cikakken gudu a kan wurin da Yaya bai so ba, ni kuma na goge allin na lulluɓe shi da fenti hawa uku.

Na kira Injiniya nan take. Ta zo kafin azahar, ta ba da umarni kowane jirgi ya haye da tafiyar ƙafa. Ta ce mai ƙwanƙwasa na wancan yankin ba zai samu ba sai wata ya ƙare. Tunda na daɗe ina bin Yaya, in ɗauki gudumarsa in fara, ita ma za ta riƙa zuwa. Sati uku ta ba mu. In ba a gano wurin ba, za a rufe gada, a kankare fentin duka, a kawo na'ura.

Ta tambaye ni ko akwai ƙyalle ran nan. Na ce akwai.

Talata, 9 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Gudumar Yaya 'yar ƙarama ce, ƙotar ta yi santsi, har da ramin babban yatsansa. Aikin hannu biyu ne: ka ɗora yatsa a gefen kan ƙusa, ka buga ɗaya gefen. In ta saki za ta yi rawa a yatsanka, kuma ƙararta ba ta tashi. Haka Yaya yake faɗa, kuma na ga yana yi sau dubu. Ƙusoshin gaɓar sun haura dubu huɗu.

Na fara daga sama, don a tunanina mugun abu can zai ɓuya. Ɗari da casa'in na buga. A kunnena duk murya ɗaya gare su, yatsana kuwa fenti da kananzir sun daɗe da kashe shi. Amma sama akwai daɗi. Iska mai sanyi, kogi ya cika ya yi ja, masunta biyu a kwalekwale suna ɗaga min hannu. Na ci burodina a can ina lilo da ƙafafu.

Alhamis, 11 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ɗari biyu da arba'in. Duk lafiya, in dai kunnena ne alƙali.

Juma'a, 12 ga wata, ƙarfe shida saura na yamma

Na biya gidan Yaya. Yau ya taka daga gado zuwa ƙofa, taku bakwai, ni na ƙirga. Matarsa ta ce takwas ne, ban iya lissafi ba shi ya sa aka ba ni buroshi. Na ce ita ma ai ladabin Yaya ne ya sa ya aure ta, ba a iya ce wa manya a'a a lokacin. Yaya ya ce, "To," irin ta ku yi min shiru.

Da ta fita, ya kamo hannuna ya ɗaga yatsu uku. Ya ƙura min ido.

Na ce, "An gama da ita, Yaya. Ta yi kyau."

Ya saki numfashi, ya koma ya jingina, ya ce, "To." Wannan mai laushi ce. Likita ya ce kada a tayar masa da hankali, kuma ai ban faɗi abin da ba gaskiya ba. An gama da ita, kuma ta yi kyau.

Lahadi, 14 ga wata, bayan azahar

Na gyara ƙofar bayi, na wanke keke, na yi wa tagar ɗakinmu fenti alhali ba ta buƙata. Maiɗakina tana zaune tana tsintar shinkafa tana bina da ido. Ta ce, "Malam, fara'arka ta yi yawa kwanan nan."

Na ce, "Laifi ne? Yaya yana samun sauƙi."

Ta ce, "Ba laifi ba ne. Na dai san ka. Ran da ka fasa min tangaran ɗin Inna, har waƙa ka yi min."

Na ce ta cika sa ido. Shinkafar ta yi daɗi.

Talata, 16 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Jirgin fasinja na safe ya same ni a sama. In jirgi ya hau gada sai ka ji ta farka gaba ɗaya, kowace sanda tana miƙa wa 'yar'uwarta nauyi, har cikin haƙoranka. Shekara ashirin da biyu ban gaji da jin wannan ba. Yanzu da suke tafiyar ƙafa har fuskokin mutane nake gani ta taga. Wata tsohuwa ta ɗaga kai ta gan ni a maƙale, ta dafe ƙirji.

Direban ya leƙo ya ɗaga murya, "Mai fenti! Sai yaushe za ku sake mu? Akuya ta wuce ni jiya!"

Na ce, "Ka gaishe ta!"

Bayan sun wuce ne na lura ina ƙirga taragan, ina riƙe numfashi har na ƙarshe ya sauka daga ta uku. Tara ne. Ɗari biyu da sittin na buga yau.

Laraba, 17 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na samu! A ƙarfen riƙo na gefen da ruwa ke fitowa, ƙusa ɗaya ta yi rawa a yatsana sarai. Na zagaye ta da alli har sau biyu, na sa Rediyo ya dafa mana shayi.

Laraba, ƙarfe biyar da rabi

Injiniya ta duba. Ta ce ta saki ɗin, kuma madalla da yatsana ya fara ji. Amma wannan ƙusar ƙarfen riƙo kawai take ɗauke da shi. Ta ce, "Baba, kai ka fi ni sanin yayanka. Zai kira ni in zo in ga wannan?"

Ba zai kira ba. Shayin dai mun sha.

Kafin ta tafi ta nuna min rahoton da za ta tura ofis in sati ukun ya cika. Layi ɗaya na riƙe: mai duba ya ba da izinin fenti ba tare da ya rubuta abin da ya gani ba. Ta ce ba ta so ta rubuta haka a kan mutumin da ke kwance, kuma wanda bai taɓa barin shafi fari ba, amma abin da ya faru ke nan. Na ce haka ne. Na miƙa mata takardarta.

Alhamis, 18 ga wata, ƙarfe shida na safe

Ba a ɗaure yake ba.

Juma'a, 19 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ɗari uku. Na gama sama, na gama gefe ɗaya na ƙasa. Hannuna ya fara sabawa, kuma akwai wani daɗi a aikin da ban sani ba sai yanzu: bugu, saurare, matsa gaba, ba abin da ya dame ka da kowa. Na gane dalilin da ya sa Yaya ba ya son surutu.

Abin da na rubuta jiya. Yaya yana ɗaura ƙyallensa ƙulli biyu, ya ja har sai ka sa haƙori kafin ka kwance. Ran nan ƙyallen a rataye yake kawai, kamar wanda aka goge gumi da shi aka manta. Na gani. Har na taɓa shi. Amma hadari yana haɗuwa kullum, fenti yana jira a rumfa, mutum shida suna tsaye suna kallona, Yaya kuma bai fito ba, an ce kansa ke ciwo. Sai na ce wa kaina ƙyalle dai ƙyalle ne.

Ban je gidan Yaya ba yau. Na aika da lemo.

Litinin, 22 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Maiɗakina ce ta sa. Jiya da hantsi na gaya mata komai, ina jiran faɗa, sai ta ce, "To me kake jira? Ka bar mutum ba shi da bakin kare kansa, kai mai bakin ka yi shiru?" Ta ci gaba da shanya.

Yau na sami Injiniya a rumfa na ce, "Ranki ya daɗe, layin nan na rahotonki ba daidai ba ne. Yaya bai ba da izini ba. Ni na ba kaina." Na yi mata bayanin ƙullin.

Ta daɗe tana juya biro. Ta ce, "Ka san sai na ba ka takardar tuhuma."

"Na sani."

"Wataƙila su sauke ka daga shugabancin."

"Buroshi dai ba za su ƙwace ba ko?"

Ta ce ba ta jin za su ƙwace. Ta ja layi a kan rubutun a gabana. Wallahi da na fito sai na ji yunwa irin wadda na kwana biyu ban ji ba, na cinye burodina na haɗa da na Rediyo.

Amma kafin in fito, ina bakin ƙofa ta ce, "Baba, mutum ɗaya ne ya san wurin nan. Ka tambaye shi?"

Na ce likita ya hana a tayar masa da hankali.

Ta ce, "Likita ne ya hana?"

Talata, 23 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na gaya masa.

Yana zaune a tsakar gida, an sa masa kujera a inuwa, yana matsa ƙwallon roba da hannun da ba ya ji. Na durƙusa na faɗa daga farko har ƙarshe, har da yatsu ukun da ya ɗaga min da amsar da na ba shi. Bai ce to ba. Ya kalle ni, ya kalli hannuwana, ya juya fuska ga bango.

Matar Yaya ta biyo ni har zaure. Ba wasa a muryarta. "Sai da ya fara cin abinci, ya fara barci, sannan za ka zo masa da wannan? In wani abu ya same shi fa?"

Na ce, "Ki yi haƙuri."

"Ni za ka ba haƙuri? Kullum da rana sai ya kasa kunne ya ji wucewar jirgi. Kwana nawa yana jin suna jan ƙafa, yana kallona, ni ban san me zan ce masa ba. Kana tsammani bai san da wani abu ba?"

Wannan ban taɓa kawo shi a raina ba. Gidansu bai kai tafiyar minti goma daga layin ba.

Laraba, 24 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ɗari biyu da tamanin. Ruwa ya kore ni da rana. Ban je ba.

Alhamis, 25 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Matar Yaya ta aiko in zo, kuma in zo da Injiniya. Muka je da babban zanen gadar, aka shimfiɗa masa a cinya. Injiniya ta gaishe shi da ladabi, ta nuna masa gaɓa ta uku, ta ce ya ɗora yatsa a wurin.

Ya duba, ya duba. Yatsan ya yi yawo a takardar ya rasa inda zai tsaya. Dama can Yaya bai taɓa yarda da zane ba, da ƙafa ya san gadar nan, balle yanzu da layuka ke haɗe masa. Na ga gumi a goshinsa. Ya ture takardar ta faɗi, ya miƙa hannu yana nuna ƙarƙashin gado.

Matarsa ta ce, "Ruwa?" Ya girgiza kai. Ta leƙa, ta jawo takalmansa na aiki, da busasshiyar laka a jikinsu tun ran nan.

Ya ce, "To."

Ta ce, "Wallahi ba inda za ka." Ya sake cewa to. Ta ce mutumin da ke taku goma ya huta ne zai hau gada? Suka yi ta yi, ita da kalmominta duka, shi da tasa guda ɗaya, kuma duk wanda ya san gidan nan ya san wa zai ci. Ni dai ko kallona bai yi ba. Amma da zan fita na ga an ajiye min kofin shayi a inda na saba zama, na shanye shi a tsaye.

Asabar, 27 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Likita ya yarda, in dai a zaune ne kuma ba cikin rana ba. Injiniya ta karɓo mana layin awa biyu ranar Litinin, tsakanin jirgin fasinja da na kaya. Na wuni ina ɗaure kujera a kan kura, wato 'yar motar ƙarfen da muke tura kaya da ita a kan layi. Na gwada da Rediyo a kai, na kai shi ƙarshen gada na dawo da shi, bai rufe baki ba ko sau ɗaya. Ya ce in an gama a bar masa kujerar.

Matar Yaya ta ce da ita za a je, don ba za ta ba ni amanar ko tukunya ba yanzu. Ta faɗa tana harara, amma ta kira ni mai fenti, sunan da ta daina kirana da shi tun ran Talata.

Litinin, 29 ga wata, ƙarfe uku na rana

Jirgin fasinja ya wuce da ƙarfe tara da kwata, muka ɗora kurar. Yaya a kujera da takalmansa da hularsa ta aiki. Ni nake turawa, Injiniya a gaba, Rediyo a gefe, Matar Yaya a baya riƙe da lema, tana taka katakan layin tana salati, ta ƙi kallon ruwa.

Muna shiga gaɓa ta farko ya ɗaga kai yana bin sandunan da ido ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙa hannun hagu yana shafar ƙarfen riƙo muna tafiya.

A bakin ta uku ya sa na tsaya. Ya daɗe yana kallon fentin, sama da ƙasa. Ya ce, "To." Ni dai na ɗauke ta yabo, kuma ba wanda zai iya ƙaryata ni.

Na ci gaba da turawa a hankali. Mun wuce tsakiya, mun kusa ginshiƙi na gaba, sai ya buga hannun kujera. Ya nuna ƙasa, gefen da ruwa ke tafiya, inda sanduna uku suka haɗu a kan farantin ƙarfe ɗaya. Na buga wurin nan ran Laraba da ruwa ya kore ni, na wuce shi a kan lafiya lau.

Muka sauko da shi muka zaunar a kan katako, Rediyo ya riƙe shi ta ɗamara. Na miƙa masa gudumarsa. Ya karɓa, ya juya ta, ya kalli hannun damansa da ke kwance a cinya. Sai ya miƙo min ita. Ya sunkuya ya ɗora yatsansa a kan ƙusar farko, ya ɗago ya kalle ni, karo na farko tun ran Talata.

Na buga. Ya matsa gaba, na buga. A ta huɗu ya ce, "To." Injiniya ta ɗora nata yatsan ta ce in sake, na sake, ta gyaɗa kai. Haka muka bi layin, yatsansa da gudumata, har muka sami tara a jere. Sannan ya ja farce a kan fentin daga ƙusa ta ƙarshe zuwa bakin farantin.

Ni na kankare da hannuna, ruwan toka biyu da ja, har ƙarfe ya fito. Tsaga ce siririya kamar gashi, tsawon ɗan yatsa. Injiniya ta tashi ta kira tasha ta ce a tsayar da jirgin kaya. Ta ce kwana huɗu za a rufe gada a canza farantin, kuma sunan wanda ya gano wurin ne zai shiga littafi.

Ta ciro alli a aljihu ta sa wa Yaya a hannu. Da hagu ya yi, a karkace, wasu zobban ba su ma haɗe ba, amma ya zagaye tara ɗin duka bai yarda a taya shi ba. Matarsa ta daina salati, ta manta da ruwan, tana riƙe masa lema tana share ido da gefen mayafi.

Da ya gama ya yafito ni. Na matso, na zaci so yake in ɗaga shi. Ya kama wuyan rigata ya jawo ni, ya dafa allin a ƙirjina, ya zana zobe babba, a hankali, sai da ya tabbatar wannan ya haɗe.

Rediyo ya ce, "Ranki ya daɗe, a gyara lissafi. Goma ne suka saki."

Yaya ya fashe da dariya har da tari, matarsa tana buga masa baya tana dariyar ita ma. Ni ma na yi, amma hawaye ne suka fi yawa, kuma ban ɓoye ba. Tun da aka sallamo shi ban ji daɗi irin na yau ba. Muka mayar da shi kujera, na juya kurar na turo shi zuwa gida, bai saki hannun rigata ba har muka sauka daga gada.